Kofin Marigayi da Dalilin Barina Kulob

Ƙarshen watan nan zan bar kulob ɗin gilaida, wato jirgin sama marar inji, da nake yi wa hidima a kudancin Ingila tun ina ɗalibi. Za a ce aiki ne ya yi mini yawa, amma waɗanda muka sha sanyin filin nan tare sun san maganar kofin bana ce.

Kofin ya riga ni zuwa kulob. Iyayen wani matashi ne suka kawo shi bayan ɗansu ya rasu a wajen tashi. Fiffiken jirginsa ya taɓa ciyawa a daidai lokacin da injin ja, wanda ke jan jirgi da doguwar waya daga ƙasa har ya tashi, ya fizgi waya, bai saki wayar ba, jirgin ya wuntsila. Duk wanda ya taɓa zama a kan injin ya san daƙiƙu kaɗan ne tsakanin tsayuwa da gudun tashi, babu sararin shawara. Irin wannan haɗarin na cikin abin da ya sa Ƙungiyar Gilaida ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1929, ta tashi haiƙan a tsakiyar shekarun 2000 tana nanata doka ɗaya: hannunka yana kan abin sakin waya, da zarar ka kasa daidaita fukafukai ka saki, kada ka jira fiffike ya kai ƙasa. Iyayen sun fahimci abin da ya kashe ɗansu. Shi ya sa takardar da suka bari ba ta ce a ba gwanin tuƙi ba, cewa ta yi a ba matashin da ya fi tsare lafiyar 'yan uwansa.

A bana ba ma buƙatar dogon bincike. Wata Asabar cikin bazara ina kan injin, nisan kusan kilomita ɗaya daga wurin tashi, na fara jan waya a hankali don ta miƙe ke nan sai fitilar tsayawa ta kama. Na yanke wuta. Sai da yamma na ji yadda aka yi. Wata yarinya ce, wadda ba ta daɗe da fara tashi ita kaɗai ba (doka ta yarda da hakan daga shekara 14), ta hango ƙaramar tayar da ake ɗaura wa wutsiya don tura jirgi a ƙasa tana nan ba a cire ba. Nauyinta yana mayar da rinjayen jirgi baya, hanci ya ɗaga fiye da kima a lokacin da waya ke ja da ƙarfi. Yarinyar ta ɗaga hannu ta kwarma ihun a tsaya, kamar yadda ake koya wa kowa a ranarsa ta farko, cewa ko baƙo ne yana da ikon tsayar da tashi.

Matsalar ɗaya ce, jirgin na babban malamin tuƙi ne, kuma shi ke ciki. Ga baƙi tsaye suna kallo.

Bai gode mata ba. Ya ja ta gefe ya ce ihu yana firgita masu ziyara, kuma shi ma ai yana gab da lura. Yana ɗaure da ɗamara, an rufe masa gilashi, wutsiya na bayansa, ta ina zai lura? Rahoton da ya kamata a shigar a littafin kulob bai shiga ba, domin shi ne mai sa hannu.

Da kwamiti ya zauna kan kofin na kawo sunanta. Babban malamin ya saurare ni har ƙarshe cikin fara'a, sannan ya tambaya ko akwai wani abu a rubuce. Babu. Sai ya ce lambar yabo tana son abin da za a iya aunawa, ya gabatar da wani yaro da ya kammala lambar azurfa: awa 5 a sama, tafiyar kilomita 50, hawan mita 1,000. Ba na raina wannan, aiki ne ja, kuma yaron ba shi da laifi. Sai dai lambar azurfa tana da nata bajo tun daga hukumar wasannin sama ta duniya. Wannan kofin fa? Na karanta musu takardar iyayen da ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa, aka kaɗa ƙuri'a. Akasarinsu babban malamin ne ke sabunta musu izinin koyarwa, ban yi mamaki ba. Ranar biki mahaifiyar marigayin ce ta miƙa kofin da hannunta, aka gaya mata tsawon kilomitocin da yaron ya yi, ta yi tafi.

Don haka shawarata ga mai shigowa: abin da ka gani a fili ka rubuta shi a ranar, da kwanan wata da sunayen shaidu, ka ajiye kwafi a wurinka. Kada ka bar rahoto a hannun wanda rahoton ya shafa, komai yawan awanninsa a sama.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada ka yi hira da mai haɗa fukafukai har sai ya gama. In ka ga shirwa na kewayawa ba ta kaɗa fiffike, kamar ungulu a saman mayanka da rana tsaka, iska mai ɗagawa na nan, bi ta. Wanda bai tura jirgi da safe ba kada ya sa ran kujerar gaba da azahar.

Yarinyar ta koma wani kulob a arewa da mu, na ji har ta fara tuƙa injin ja. Ni ne na rubuta mata takardar shaida, kuma maganar tayar wutsiya tana sakin layi na farko.