Awa ɗaya da minti ashirin

Talata. Na dawo daga aikin dare ƙafafuna kamar na aro, amma raina fes, don jiya ƙanwata Auta ta sauka lafiya a Dublin, babban birnin Ireland. Mace aka samu. Haihuwar fari, kuma ta riga lissafin likita da mako uku.

Ina cikin shan shayi Umma ta kira daga Kano. Muka yi wa juna barka, sai ta ce, "To yaushe za ki tafi? An ce min kusa kuke."

Na ce, "Kusa ne, Umma." Kuma gaskiya na faɗa. Daga nan Landan zuwa Dublin kilomita 460 ne da 'yan kai, tsibiri biyu da teku ɗan siriri a tsakani. A tikiti sukan rubuta awa ɗaya da minti ashirin, amma zaman da ake yi a sama bai cika wuce awa guda ba, sauran duk na jiran layin tashi ne da gangarawa bayan an sauka. Ko agogo ba a gyarawa, lokacinmu ɗaya. Na ce mata ta ɗauka kamar Kano zuwa Abuja ne da ɗan ƙari.

"To me ya hana ki? Abuja ai ko gaisuwa ana zuwa a dawo a yini."

Nan bakina ya yi nauyi. Na ce sai da biza. Ta ce, "Ba duk Ingila ba ce?" Na ce a'a, Ireland ta raba gari da Birtaniya tun 1922, kuɗinsu ma yuro ne, namu fam. Mai fasfon Birtaniya ko na Ireland yana tsallakawa yadda ya ga dama. Ni da koren fasfo, takardar zamana a nan ba ta shigar da ni can. Wannan makon na shirya cike takardun, ina lissafin ƙarshen wata. Suna kuwa Litinin ne.

Umma ta yi shiru. Can ta ce, "To wa zai dama mata kunun kanwa? Wa zai gasa mata jiki?"

Wannan tambayar ce ta hana ni barci duk yinin. Lokacin da na haifi Babba, Auta tana sakandare, ita ke tashi da asuba ta hura wutar ruwan wankana.

Na duba har jirgin ruwa, daga tashar Holyhead ta Birtaniya, awa uku da kwata. Shi ma sai da bizar.

Abban yara ya dafa taliya. Ban ci ba.

Bayan Magariba na cike takardun duk da haka. Na kira Auta ta bidiyo, ta juyo min fuskar jaririyar, hancin Baba sak. Ta ce, "Yaya, kar ki damu, matan masallaci sun ce za su zo." Na ce to. Jirage suna ta wucewa ta saman gidanmu za su Heathrow, kusan kowane minti biyu. Na tashi na rufe taga, na ɗauko kayan aiki.