Kwali biyu na 'yan tsaki

Kusan shekara biyu na yi ina kiwon kaji da baki. Duk wanda ya zauna da ni sai ya sha lissafi: kwali biyu na 'yan tsaki, hamsin-hamsin, mako shida zuwa bakwai su isa yanka, a sayar, a sake zubawa. Lissafin ba shi da aibu, ni ce na kasa ɗaga ƙafa. Sau biyu ina kwasar adashi, sau biyu kuɗin suna narkewa a atamfa da gudummawar biki, ina ce wa kaina lokaci ne bai yi ba.

Tsoron yana da asali. A 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, ina 'yar sakandare a Zariya. Wani maƙwabcinmu yana da kaji masu ƙwai, cutar ta shiga masa, aka kashe sauran aka binne. Asarar ba ta tsaya mini a rai kamar yadda unguwa ta riƙa ba da labarinsa ba. Shekaru ana yi, wasu da tausayi, wasu da "ai dama mun faɗa masa".

Inna ce ta kama ni. Ina cikin zuba mata lissafin nan karo na ba adadi, ta ce, "Ke 'yar nan, kuɗin kike tsoron su tafi ko bakin mutane?" Na ce kuɗin mana, Inna. Ta ce, "To waɗanda kika kai gidan biki sun dawo?" Ban sami amsa ba.

Kwasa ta uku, bayan damina a 2021, ban bari kuɗin sun kwana a ɗaki ba. Na kai wa wani dila a Sabon Gari, ranar da motar Ibadan mai kawo 'yan tsaki ta iso na karɓo kwalayena. Makon farko babu barci. Ɗan tsako ɗumi yake so, wutar lantarki kuwa ba a jingina da ita, sai gawayi. Buntun shinkafa a ƙasa, leda a taga. A nan na koyi karanta kwanciyarsu: in sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse jikin bango baki buɗe zafi ya yi yawa.

A mako na huɗu abin da nake gudu ya same ni. Kashi fari mai ruwa, gashi a tashe, sun daina cin abinci. Cutar Gumboro ce, mai kama ƙananan kaji. Cikin kwana biyar na kwashe gawa 34. Kuma na yi rigakafin, shi ya fi ƙona mini rai. Likitan dabbobi da ya zo ya ce, "Hajiya, a me kika ɗauko maganin?" Na ce a jakata, Dakta. Ya ce kin biya wani wuri? Na ce kasuwa, cefane kawai. Ya girgiza kai ya ce, "To ruwa kika ba su." Maganin rigakafin Gumboro da Lasota, wato rigakafin cutar kaji ta Newcastle, ba su jure zafi. A cikin ƙanƙara ake ɗauko su, a janye wa kajin ruwa kamar awa biyu su ji ƙishirwa, a dama da ruwan da ba a sa masa maganin famfo ba, su shanye kafin awa biyu. Mai shagon bai gaya mini ba, ni ma kunyar kada a ce ban sani ba ta hana ni tambaya.

Bakin mutanen fa? Mace ɗaya ce ta ce ai ta faɗa. Bayan mako uku ita ce ta aiko a ba ta kaji biyar, wai a yi mata ragi. Na sayar da 66 ɗin da suka rage, na buɗe littafina, sai na ga abin da ya tafi bai kai kuɗin atamfofin nan ba. Asarar da na yi shekara biyu ina hango ta kamar dutsen Kufena, layi uku ta ci a takarda.

Yau 500 nake zubawa, da yara biyu masu taya ni. Ba na zuba 'yan tsaki daga Maris zuwa Afrilu, domin kaza mai nama da ta yi nauyi zafin nan kashe ta yake yi. Ina auna zubi ya faɗo kan Ƙaramar Sallah. Kashin kaji manoman rani ke saye buhu-buhu, shi ke biyan kuɗin gawayi. Bashi kuwa na daina bayarwa tun farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da kaji suka isa sayarwa masu saye ba su da kuɗi a hannu, kajin kuma suna ta cin abinci. Cire tallafin mai a watan Mayun shekarar ya zo ya ɗaga kuɗin mota da na buhun abinci, har na rage zubi na wani lokaci.

Har gobe, kowace asuba sai na tsaya bakin ƙofar ɗakin kajin na kasa kunne kafin na buɗe. In na ji hayaniya, na ce alhamdulillahi. In na ji shiru, gabana faɗuwa yake yi kamar ran farko. Ranar Alhamis wata motar ke isowa, kuma tun jiya na sa ƙanƙara a firjin maƙwabta.