Godiya Bayan Jinyar Mahaifinmu

A madadin iyalan gidanmu da ke Ƙofar Marusa a birnin Katsina, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tashi kafaɗun mahaifinmu, sannan ga duk waɗanda suka tsaya mana tun daga safiyar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci har zuwa ranar da aka sallamo shi daga asibiti. Baba ya dawo gida yana takawa da ƙafarsa, kuma shi ne ya umarce ni da in rubuta wannan saƙo.

Da yawa daga cikin masu zuwa dubiya sun ɗauka sukarinsa ne ya hau, tunda an san ya daɗe yana fama da ciwon sukari, alhali sukarin faɗuwa ya yi. Ya sha ƙwayar maganinsa da sassafe, sai aka yi sanarwar rasuwa a unguwa, ya fita jana'iza bai karya ba, maganin kuwa ya ci gaba da aikinsa a jikin da babu abinci. Waɗanda suke kusa da shi a sahu sun ce sun ga gumi yana keto masa duk da sanyin safiya, hannunsa yana rawa, maganarsa tana harɗewa.

Godiyarmu ta farko tana ga maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jinya, wanda ya aika gida aka ɗauko masa na'urar gwaji, ya tsira yatsan Baba, ya ga awon ya faɗi can ƙasa da 70, wato iyakar da likitoci ke ɗauka a matsayin faɗuwar sukari. A lokacin wani bawan Allah ya riga ya kawo kunu da niyyar taimako, amma maƙwabcin namu ya hana a ɗura masa, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa, abin ya gangara masa huhu. Da a ce yana iya haɗiya, in ji shi, da babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, ya wadatar a fara da shi, a sake gwadawa bayan minti 15. Muna kuma gode wa yaron nan mai Keke Napep da ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke shi, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka karɓe shi, Allah ya saka musu da alheri. Sun ɗaura masa ruwa mai sukari ta jijiya, cikin ɗan lokaci ya buɗe ido, amma ba su yi gaggawar sallamarsa ba. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta fara rauni, abin da ke sa irin ƙwayar da yake sha ta daɗe a jiki fiye da ƙima, don haka suka canja masa magani. Ni dai a wurina, abin da ya fi komai daraja shi ne zaman da wata ma'aikaciyar jinya ta yi da mu a bakin gadonsa, da Hausa tsantsa, ba tare da ƙosawa da tambayoyin Hajiya ba. Ita ce ta fahimtar da mu cewa awon safe kafin a ci komai, idan ya kai 126 kuma aka sake gwadawa aka tabbatar, shi ake kira ciwon sukari, kuma akwai wani gwajin da ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ta nuna wa Hajiya yadda za ta riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa kowane dare, saboda ciwon yana kashe ji a ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Ba ta hana shi tuwo ba, malmalar ce ta ce a rage, a yawaita wake da zogale da miyar kuɓewa, furarsa kuma a daina zuba mata sukari. Batun azumi ma ta ce kada a yanke hukunci a gida, a koma wurin likita tun kafin watan ya kama.

Ga 'yan uwa da suka taso daga Daura da Funtuwa, da jama'ar masallacinmu da suka haɗa gudummawa, da matan unguwa da suka riƙe gida lokacin da Hajiya take kwana a asibiti, Allah ya bar zumunci, ya biya kowa da mafificin alheri.

Ƙofa a buɗe take ga masu son zuwa gaishe shi, musamman bayan La'asar. Roƙonmu kawai shi ne a daina ɗawainiyar kawo katan-katan na lemo da kayan zaƙi, domin Baba mutum ne mai kara, ba ya iya mayar da hannun kyauta baya.