Abin da Finisha Ta Koya Mini a Shagon Buga Takardu

Shekara 7 ke nan ina aiki a wani shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar wata babbar makaranta a Zariya, kuma a cikin kayan aikinmu babu wanda ya koya mini hankali kamar dogon akwatin nan da ake jonawa a gefen babban injin fotokwafi, wanda masu gyara suke kira finisha. Shi injin, aikinsa ya ƙare da zarar ya ɗora rubutu a kan takarda. Finisha ce take karɓar takardun, ta daidaita gefunansu, ta huda su idan an umarce ta, ta buga musu fil, sannan ta jera su a kan tire kashi-kashi, tana ɗan goce kowane kashi daga ɗan'uwansa domin a iya rarrabe su. Aikin da a dā mutum uku suke yini a kansa da sitefula a hannu, ita tana gama shi kafin la'asar.

Wanda ya tsaya a gabanta ba ya ganin komai sai ƙofa da tire, shi ya sa ake raina ta. A ciki kuwa akwai robobi masu juyawa da suke jan takarda, akwai hannuwa biyu da suke matse ta daga gefe har ta daidaita, akwai ƙarafan huji da suke sauka da ƙarfi, akwai kuma ita sitefular kanta, wadda ba a wuri ɗaya take zaune ba: tana bisa wani dogon ƙarfe ne, tana tafiya gaba da baya domin ta buga fil a kusurwa ko ta buga biyu a gefe. Duk waɗannan ba mutum suke jira ba. Umarninsu yana fitowa ne daga wasu ƙananan idanu da aka dasa a kan hanyar takarda, idan ido ya ga takarda ta iso ko ta wuce, sai ya ba mota, wato ɗan injin lantarki da ke juya sassan, izinin motsi. Wannan ne abin da ban fahimta ba a shekaruna na farko, sai da yatsana ya fahimtar da ni.

Lokacin jarrabawa ne, wata makaranta ta kawo mana aikin takardun tambayoyi masu yawa, kuma an ce lallai a same su washegari da safe. Tun makonni kafin ranar, maƙallin ƙofar finisharmu ya saki, ƙofar ba ta rufuwa da kyau, sai injin ya riƙa tsayawa a tsakiyar aiki yana nuna cewa ƙofa a buɗe take. A jikin wannan ƙofa akwai wani ɗan harshe na roba da yake shiga rami ya danne makunni. Muddin ba a danne makunnin ba, motocin ciki ba sa samun wuta. Maimakon mu kira mai gyara, sai na naɗe guntun kwali na cusa a ramin, makunnin ya zauna a danne, injin ya daina ƙorafi. Na ɗauka na warware matsala, ashe abin da ke tsare hannuna na cire.

Bayan sallar isha'i, muna tsakiyar aiki, sai takardu suka maƙale a bakin sitefula, injin ya tsaya, allonsa ya nuna inda matsalar take. Komai ya yi tsit. Na buɗe ƙofa, na zura hannun dama ina jawo takardun da suka cukurkuɗe. Falle na ƙarshe yana barin gaban idon, na'urar ta ɗauka an gama gyara kuma an rufe ƙofa, tunda kwalin yana gaya mata haka, sai ta fara mayar da kowane sashe mazauninsa kamar yadda take yi kullum kafin ta ci gaba da aiki. Sitefular ta taho a kan ƙarfenta ta matse mini ɗan ali da jikin ƙarfen akwatin. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Yaron da ke koyon aiki a hannuna shi ya yi wuf ya zare filogi daga bango, yana cewa, “Maigida, kada ka ja, bari in tura ta baya!” Da na fizge hannun a lokacin, da raunin ya fi haka muni. Ya tura sitefular da hannunsa a hankali har yatsan ya fita. Farcen ya tsage, naman gefensa ya yanke, kuma a daren aka kai ni wani ɗakin shan magani aka wanke, aka ɗaure, aka yi mini allurar tetanos. Farcen ya fita gaba ɗaya daga baya, ya ɗauki watanni kafin sabo ya cika.

Mai gyaran da muke kira dattijo ne, ya daɗe yana wannan sana'a. Da ya zo ya zaro kwalin daga ramin, ya ɗaga shi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da ni, “Ɗana, shirun inji ba barci ba ne. Jiran umarni yake yi, kuma ba daga gare ka umarnin yake zuwa ba.” Na ce, “Baba, aiki ne ya yi mana yawa.” Ya ce ya sani, ya kuma canza maƙallin a gabana cikin ƙasa da rabin sa'a, a kan kuɗin da bai kai abin da na kashe a wankin ciwo ba. Daga nan ya zaunar da ni da yaron ya nuna mana cikin na'urar sashe-sashe, kuma yawancin abin da nake yi a yau daga wannan zama ya samo asali.

Yanzu idan takarda ta maƙale, ina fara karanta abin da allo ya nuna, domin yana bayyana wurin da matsalar take da lamba ko da hoto, kuma lambar tana rubuce a jikin sashen. Masu ƙera waɗannan na'urori suna shafa wa duk mariƙi ko murfi da aka yarda mai aiki ya taɓa wani launi na daban, galibi kore ko shuɗi. Abin da ke da wannan launi shi nake ɗagawa ko in murza, abin da aka ɗaure da kusoshi kuwa na mai gyara ne. Idan takardar ta fito da murza mariƙi, shi ke nan. Idan kuwa sai hannuna ya wuce wuyan hannu a cikin akwatin, to sai na kashe injin daga allonsa, na jira ya gama mutuwa, na kashe babban makunni, sannan na zare filogi. Jiran yana da dalili, domin waɗannan manyan injuna suna da ma'ajiyar bayanai kamar kwamfuta, kuma yanke musu wuta kai tsaye yana iya lalata ta. Abin da yaron ya yi a daren nan daidai ne saboda hannun mutum na ciki, amma ba shi ne tsarin kullum ba. Takardar kuma da hannu biyu nake jan ta, a hankali, ta inda take tafiya, domin idan ta yage ta bar ɗan guntu a gaban ido, injin zai ci gaba da cewa akwai takarda a ciki, kuma neman wannan guntun ne yake sa mutane su zura sukuddireba inda bai kamata ba.

Da na natsu na duba, sai na ga cewa yawancin maƙalewar da ke kai hannuna ciki ni ne nake jawo ta tun daga waje. Sitefular finisharmu an ƙayyade mata falle 50 na takarda mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita, wato irin takardar A4 da kowa ya sani. A nan ake yawan ruɗewa, domin mai kawo aiki shafi yake ƙirgawa, na'ura kuwa falle take ƙirgawa: littafi mai shafi 90 da aka buga gaba da baya falle 45 ne, zai shiga, amma idan fuska ɗaya aka buga falle 90 ne, ba zai shiga ba. Idan an ɗora bango mai kauri, wajibi ne a rage adadin, tunda bango ɗaya yana cin gurbin falle biyu ko uku. A dā nakan matsa mata, in ga fil ya fito a lanƙwashe in ce ai ya kama. Fil ɗin da ya lanƙwashe yau shi ne wanda zai karye a bakinta gobe, kuma tsininsa da ya tsaya a bayan takarda yana sukar yatsan ɗalibin da zai karɓa. Haka nan na daina sayen kowane irin fil don arha. Nata fil a shimfiɗe yake zuwa, faranti-faranti a cikin kwanso mai ɗaukar 5,000, na'urar ce take lanƙwasa shi a lokacin bugawa, kuma kowane samfuri da lambarsa. Idan fil ya toshe, ina zaro kwanson gaba ɗaya waje, in buɗe ɗan murfin bakinsa, in cire waɗanda suka fito da hantsaki, ba da farce ba, in mayar har in ji ya yi ƙas. Bayan haka takan buga sau biyu ko uku babu fil kafin layin ya iso, don haka da takardar banza nake gwadawa, ba na sake buɗewa ina leƙe.

Tiren da takardu ke taruwa a kai shi ma yana da nasa haɗarin, kuma shi aka fi mantawa da shi saboda a waje yake. Yana sauka ne da kansa yayin da takardu suke ƙaruwa, idan aka kwashe kuma ya hau ya koma sama. Rim ɗaya na A4, falle 500, ya kai kilo biyu da rabi, tirenmu kuwa yana ɗaukar falle 3,000, wato kilo 15 ke nan a kan mota mai ƙarfin ɗaga su. Wata rana yaron ya tura kwalin takarda ƙarƙashinsa don samun wuri, tiren ya sauko ya dira a kai, muka ji motar tana gurnani har haƙoran giya suka ci juna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunanin yaran da iyaye mata suke shigowa da su shago, waɗanda tsayinsu daidai yake da wannan wuri, kuma babu abin da ke jan hankalinsu kamar abu mai motsi da kansa. Tun daga ranar na ja layi da fenti a ƙasa, ba a ajiye komai a cikinsa, kujerar masu jira kuma na mayar da ita ɗaya ɓangaren. Idan zan kwashe takardu alhali aiki bai ƙare ba, sai na danna dakatarwa, domin ratar da ke tsakanin tire da bakin fitar takarda tana rufewa idan ya hau.

Sashen huji bai taɓa ji mini ciwo ba, amma yana da ƙa'idarsa. Huda biyu yake yi, faɗin kowace milimita 6, tsakaninsu milimita 80, daidai da fayil ɗin da ake amfani da shi a ofisoshinmu. Wanda zai sayi injin gwanjo ya duba wannan, domin wanda aka ƙera don Amurka huda uku ya saba yi, kuma wutarsa bolt 120 ce alhali tamu 230 ce. Ba na bari a huda takardar roba, ko ambulan, ko takarda mai gam, saboda gam yana liƙewa a ƙarfen hujin har ya daina komawa sama. Burbushin takarda yana taruwa a wani ɗan akwati, ina zubar da shi kowace Asabar tun bai cika ba, don idan ya cika sai ya koma cikin na'urar ya rufe idanunta.

Akwai abin da littafin na'urar ya taƙaita da cewa a kula da sutura mai lilo, wanda a wurinmu babban al'amari ne. Hannun babbar riga, gefen mayafi, carbi a wuyan hannu, igiyar katin shaida, duk robobin nan suna iya kamawa su ja. Ni da ƙaramar riga nake aiki, ranar Juma'a kuma ina rataye babbar rigar kafin in matso kusa da inji. Yarinyar da ke mana aikin kwamfuta takan tattara hijabinta ta riƙe da fil kafin ta sunkuya ɗaukar takarda. Idan kuma maƙalewar a mahaɗar inji da finisha take, ina tuna cewa hitar da ke gasa hodar tawada a jikin takarda tana nan kusa, zafinta yana kaiwa tsakanin digiri 150 da 200, saboda haka sai na ba ta lokaci ta huce. Hodar da ba ta gasu ba idan ta taɓa hannu ko riga, da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi narkar da ita yake yi ta kama.

Yanayi ma yana da hannu a ciki. Da damina takarda tana shan laima ta naɗe, ta ƙi jeruwa a tire, don haka ba na buɗe rim sai zan yi aiki da shi, kuma a kan katako nake ajiye kwalaye, ba a kan siminti ba. Da hunturu kuwa takardu suna mannewa da juna, sai na karkaɗa su kafin in zuba, ƙura kuma tana rufe idanun na'ura har ta riƙa ganin takardar da babu. Ina share su da busasshen ƙyalle mai laushi bayan na zare filogi, ba na fesa komai a ciki. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, babu mai buɗe ƙofar finisha sai an kashe babban makunni, domin babu wanda ya san lokacin da za a dawo da ita ko mai janareta zai juya layi.

A watan jiya mun ɗauki sabon yaro. Ranar farko ban nuna masa yadda ake aika aiki ba. Na zare filogi na miƙa masa ya riƙe, na buɗe ƙofar, na sa ya tura sitefular da hannunsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan don ya ji nauyinta, na nuna masa ramin makunnin da ɗan harshen da ke shiga cikinsa, sannan na nuna masa ɗan alina, wanda har yau farcensa yake da tsagi a tsakiya. Ya tambaye ni abin da zai yi idan ƙofar ta sake ƙin rufuwa alhali mai aiki yana tsaye yana jira. Na ce masa ya ba mutumin haƙuri, ya ɗauko sitefular hannu da ke cikin durowa, ya kuma kira Baba mai gyara, lambarsa tana manne a jikin ƙofar.