Leɓen da bai farka ba tukuna

Aikin haƙori nake yi a Legas, kuma yawancin masu zuwa wurina mutanenmu ne na Agege da Idi-Araba da 'yan kasuwar Mile 12. Da an sauko daga kujera tambayar ɗaya ce: "Likita, yaushe bakin nan zai dawo?"

Maganin da nake sa wa a allurar kashe zafi shi ne lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, haɗe da adrenalin kaɗan, a 'yar kwalba mai mililita 1.8. Adrenalin ɗin yana tsuke jijiyoyin jinin wurin, sai maganin ya daɗe bai watse ba, jini kuma ya ragu. Shi ne ma yake sa wani ya ji gabansa na faɗuwa na 'yan mintuna. Don haka kafin in tura ruwan sai na ɗan ja sirinji baya. In jini ya leƙo, na shiga jijiyar jini ke nan, sai in gyara wuri.

Haƙorin sama ba wuya. Ƙashinsa ba shi da tauri sosai, ana zuba maganin a dasashi kusa da saiwa, cikin minti 2 zuwa 3 ya ratsa. Na ƙasa na baya shi ne aiki, domin ƙashin muƙamuƙi yana da kauri, dole a bi babbar jijiyar can ƙuryar baki a kashe ta. Jijiyar nan ita ke kai ji ga rabin leɓen ƙasa da haɓa, ta harshe kuma tana maƙwabtaka da ita. Shi ya sa mutum zai zo da ciwon haƙori ɗaya ya koma da rabin baki a mace, yana rantsuwa leɓensa ya kumbura. Sai na miƙa masa madubi.

Abin da na daɗe ban bayyana wa mutane da kyau ba shi ne tazarar. Haƙorin kansa yana farkawa bayan kamar awa 1, amma leɓe da harshe sai awa 3 zuwa 5. A wannan tsakanin ake ɓarna. Mutum ya fito da yunwa, ya maƙale a cunkoso cikin danfo, ya sauka wurin mai shayi ya kurɓa da zafinsa, ya ƙone bai sani ba. Wani goro zai jefa, ya tauna kuncinsa tare da shi.

Yara sun fi kowa. Yaro yana jin leɓen kamar roba sai ya yi ta cizonsa. Washegari uwa ta dawo hankali a tashe, leɓe ya kumbura da farin miki, tana cewa allura ce ta ƙone shi. Shatin haƙoransa ne a jiki, kuma yakan warke da kansa cikin kamar mako 2. Yanzu nakan ce: "Hajiya, ki sa masa ido har la'asar, ruwa kawai ko kunu mai sanyi."

Inda akwai mugunya allura ba ta kamawa yadda ya kamata, saboda tsamin wurin yana hana maganin shiga jijiya. Ƙara allura a kan kumburi ba dabara ba ce. Wani lokaci kuma in allurar ƙasa ta zarce baya, rabin fuska ya saki, ido ya ƙi rufuwa. Yana tsoratarwa, amma cikin 'yan awanni yake sakewa. A rufe idon da auduga kafin nan.

Wanda aka cire wa haƙori ya danne audugar minti 30, ya sha farasitamol tun zafin bai taso ba. Kada ya kuskure baki da ƙarfi ranar, ko a alwala ya sa ruwan a hankali ya bar shi ya zubo, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Ruwan ɗumi da gishiri sai gobe.

In an kwana an wuni leɓe ko harshe bai dawo ba, a komo a duba. Mai yiwuwa allura ko saiwar haƙori ta taɓa jijiya. Yawanci yana warwarewa cikin makonni, amma nakan zana iyakar wurin da ya mutu a takarda tun ranar farko, don mu ga ko yana raguwa.