Mun je toshe waƙoƙi a sabar ofis, muka toshe shaidarmu

Har yau idan na tuna maganar nan raina yana ɓaci. Kamfanin da nake kula wa da kwamfutoci a Makka, wajen Misfala, aikinsa kama wa masu Umara daga Najeriya da Nijar masauki da motoci. Sabar ofis, wato babbar kwamfutar da kowa ke ajiye fayilolin aiki a kanta, ta cika maƙil, kwafin ajiya na dare ba ya ƙarewa har gari ya waye. Da na leƙa, fina-finai ne da waƙoƙin biki, kowa ya kwaso a filashi ya jibge a foldar aiki. Mudir, wato manajanmu, ya ce a toshe, kuma yana da gaskiya.

Toshewar kanta ba wani aiki ba ce. Da Group Policy, wato tsarin Windows na kafa wa kwamfutocin ofis doka daga wuri ɗaya, na rufe ƙofar filashi. Kada wani ya ɓata lokacinsa a kan AppLocker, manhajoji yake tsarewa, ba ruwansa da mp3. Mai yin aikin shi ne FSRM, wato tsarin kula da fayilolin da ake ajiyewa a saba, wanda ke cikin Windows Server tun 2003 R2, kuma yana zuwa da shiryayyen tsari na hana sauti da bidiyo.

Sai dai tsarin iri biyu ne. Akwai mai hana ajiyar fayil kai tsaye, akwai mai sa ido kawai, ya bari a ajiye amma ya rubuta wanda ya ajiye da abin da ya ajiye. Na ce, "Alhaji, a bar ni in fara da na sa ido, mu ga abin da ke shigowa tukuna." Ya ce, "Malam, azumi ya ƙarato, ba mu da wannan lokacin. Rufe faifan duka yau." Na rufe.

FSRM ba ya sauraron abin da ke cikin fayil, sunansa kaɗai yake dubawa, a nan wutsiyar sunan, wato haruffan ƙarshe irin su mp3, kamar mai gadin da ke tantance mutane da hular kansu. A wurinsa karatun Alƙur'ani da waƙar biki duk mp3 ne. Masu karatun sun yi ƙorafi nan take, don mutum yana ganin saƙon hanawa a gabansa, na gyara musu. Wadda ba ta da bakin ƙorafi ita ce na'urar wayoyin ofis. Ita ke naɗar duk kiran da muke yi da ejan-ejan, tana zuba shi a fayil ɗin sauti mai wutsiyar wav cikin wata folda a faifan nan. Tun ranar da muka rufe ba ta ƙara ajiye ko kira ɗaya ba, kuma ba wanda ya sani.

Sai a goman ƙarshe, lokacin da ɗaki kusa da Harami ya fi komai tsada, wani ejan daga Kano ya kafe cewa ɗakunan da ya nema a waya sun fi waɗanda muka kama. Ga baƙin Allah zaune kan jakunkunansu a harabar otal, ana jiran buɗa baki, har da tsofaffi. Muka je ɗauko muryarsa, folda wayam. Kamfani ya biya cikon daga aljihunsa. Abin takaicin, sabar ta rubuta kowane yunƙuri a kundinta ƙarƙashin lamba 8215. Da an bi ta hanyar sa ido, a yinin farko wav ɗin nan zai bayyana a rahoto.

Su kuwa masu wayo ba abin da ya same su. Wani yaro ya mayar da wutsiyar fim ɗinsa txt, irin ta fayil ɗin rubutu, ya wuce sumul. Saƙon muryar WhatsApp mai wutsiyar opus ma ba ya cikin jerin asali, sai ka ƙara da hannunka.

Yanzu ko wa ya matsa mini, ba na ɗora hani kan faifai gaba ɗaya, folda-folda nake bi. Kafin nan sai na rubuta duk na'urar da ke ajiya a sabar ba tare da mutum ya taɓa ta ba, wayoyi da kyamarori da sauransu, in ware wa kowace togaciya. Kuma sai na gwada saƙon imel na gargaɗi na ga ya iso wayata.

Tsofaffin fina-finan ma hanin bai taɓa su ba, don sabon abu kawai yake tarewa. Rahoton FSRM ne ya zaƙulo mini su, aka ba kowa zuwa Alhamis ya kwashe nasa, ranar Lahadi na goge sauran.