Gyaran da ba a roƙa ba

Ni tela ne, shagona na nan Sabon Gari, kuma na san sunan da muka yi a garin nan ba sai an tuna min ba. In Sallah ta matso ko Kirsimeti babu wanda ake tsinewa a Kano kamar tela, "gobe da yamma" ɗinmu sai ta kai sati biyu. To da wannan kunyar nake rubutun nan, kar wani ya ɗauka waliyyi ne ke magana.

Mai shagon da nake haya dattijo ne, Baba muke ce masa, kuma coci ɗaya muke zuwa, shi a layin gaba yake zama ma. Duk lokacin da za a koma makaranta sai ya aiko jikansa da baƙar leda cike da yunifom ɗin yaran gidansa, wannan wando ya fashe ta baya, wancan zif ya mutu, riga babu maɓalli ko ɗaya kamar akuya ta bi ta cinye, saƙon kuma kullum iri ɗaya ne, "wai inji Baba a ɗan kama masa". Ko sisi ba ta taɓa biyo ledar ba. Ni kuma ba halin in ce a'a, haya na hannunsa, kuma duk wanda ya taɓa neman shago a Sabon Gari ya san ba wasa ba ne.

To ina yi ɗin, amma wane irin yi? Duk zaren da na tarar a kan keke da shi nake bi, layi ɗaya fiii, ba guga ba komai, in cusa a leda in miƙa wa yaron ina tsaki a ciki.

Ranar nan Mama ta biyo ta shagon daga Yankura, ta zauna a benci tana fifita da bakin mayafi don an ɗauke wuta, ni kuma ina kan wani wando shuɗi ina taka shi da farin zare. Ta yi shiru tana kallo, can tace, "Ɗan nan, ɗinkin wa ne wannan?" Nace na Baba mai shago ne Mama, ai kyauta ne ba biya zai yi ba. Tace, "Au, shi ya sa kake zaginsa da allura?"

Na yi dariya amma maganar ta shige ni. Mama ta yi shekaru tana awo, gero da dawa da wake, kuma tun muna yara mun san in ta cika kwano ta juye sai hannunta ya koma buhu ya ɗebo ɗan ƙari ta watsa a kai. Gyara kenan, kowa a Kano ya san shi, daga mai tumatir har mai ƙosai. Tace min wanda ya buɗe baki yace a yi masa gyara ai ciniki ne bai ƙare ba, nata gyaran shi ne wanda hannu ya riga baki. Sai ta kawo min Matiyu 5:41, inda Yesu yace in wani ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya, ka tafi da shi biyu. Ta ɗau jakarta ta tare adaidaita ta tafi abinta, ta bar ni da wando a hannu.

Ayar nan na haddace ta tun muna ajin yara a coci, amma gaskiya ban taɓa tsayawa a kan kalmar tilas ɗin ba. Lokacin da Yesu ya faɗi haka a huɗubarsa ta kan dutse ƙasar tana hannun Romawa ne, kuma sojansu na iya tare mutum a hanya ya ɗora masa kaya dole, irin abin da aka yi wa Saminu Bakurane kenan, yana shigowa daga ƙauye abinsa aka kama shi aka ɗora masa gicciyen Yesu, yana nan a Markus 15:21. Mil ɗinsu kuma kusan kilomita ɗaya da rabi ne. Ka ɗauka kai ne a ranar Afrilu ta Kano, ka fito neman na cefane, wanda ya ci ƙasarku da yaƙi ya ɗora maka jakarsa, kana tafe kana ƙirga taku kana jiran inda za ka sauke ka tofar da yawu, sai a ce maka in kun kai wajen ka ce masa mu ƙara. Haba. Ni na tabbata a cikin masu sauraro ranar akwai wanda ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Nan ne na ga inda nake cutar kaina. Ni ma ai ina gyara, sosai ma. Hajiyar da ke kawo min leshi mai tsada daga Kwari takan samu ƙarin aiki a wuya ban caje ta ba, in goge in ninke in sa a leda mai kyau, har ruwa mai sanyi nake aika a siyo mata. Amma tsakani da Allah wannan talla ce, so nake ta dawo ta kawo ƙawayenta. Wanda Yesu ke magana a kai shi ne mutumin da ba ka so, wanda ya fi ƙarfinka, wanda ba abin da za ka samu a wajensa, wato dai Baba da baƙar ledarsa.

Akwai labarin da ya fi burge ni ma a Farawa 24. Bawan Ibrahim ya je nemo wa Ishaku mata da raƙuma 10, ya tsaya bakin rijiya ya roƙi wata budurwa Rifkatu ruwan da zai sha shi kaɗai, ta ba shi, sai ita da bakinta tace bari in ɗebo wa raƙumanka ma har su ƙoshi. Wanda bai san raƙumi ba zai wuce wajen nan da gudu. Raƙumi mai ƙishi zai iya shanye lita 100, to sau goma fa, jarka 40 kenan irin ta lita 25, ka tambayi ɗan ga-ruwan layinku kura nawa ce wannan, ita kuma da tulu take yi, ta gangara ta hauro ta gangara ta hauro, don baƙon da ko sunansa ba ta sani ba. Mutumin ma tsayawa yayi yana kallonta bai ce uffan ba.

Da na ba maƙwabcina mai shayi labarin nan dariya yayi yace ai su ihsani suke ce wa irin wannan, ya ƙara min madara a kofi yace to ga nawa mil ɗin.

Amma bari in faɗi wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya. Akwai masu ɗaukar ayar nan su mai da ita igiya, musamman a coci. A sa ka ɗinka labulen bagade da kayan 'yan kwaya, ka kawo maganar kuɗin zare kawai sai a ce ɗan'uwa ina mil na biyu? A'a fa. In mai sa aikin ne ya nema to har yanzu muna cikin mil na farko ne, ya dai tsawaita shi. Bulus da kansa a 2 Korintiyawa 9:7 cewa yayi kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Na biyun mai ɗaukar kayan ne ke da shi, shi zai ce mu je. Sannan mu ma teloli sai mun yi wa kanmu faɗa, mutumin da ya karɓi kuɗin ɗinki tun watan jiya bai ko yanka yadin ba, yana ɓuya in ya hango mai kaya, wannan ko mil na farko bai fara ba, to ina zancen na biyu.

Daren ranar na farke farin zaren nan tas, na nemo shuɗi na sake bi layi biyu, na sa ƙyalle ta ciki a gwiwa inda na san zai sake fashewa. Na zazzage ledar na duba har waɗanda ba a ce in taɓa ba, na tarar da wata 'yar riga aljihunta ya huje an ɗaure shi da roba, na cire na yi mata sabo. Na hura gawayi a dutsen guga tunda wutar ba ta dawo ba, na goge duka na ninke. Wajen awa biyu ya ci min, ga kaftanin mutane na jira. Abin da na lura da shi kawai, ban yi tsaki ba ko sau ɗaya, kuma ban kwana ina faɗa da Baba a raina ba kamar yadda na saba.

In kuna jiran in ce Baba ya zo ya rungume ni ya yafe min haya, to ku sha kuruminku. Bai ce komai ba, ina ga ko buɗe ledar bai yi ba, kuma da shekara ta zagayo ƙara kuɗin shagon yayi kamar kowa. Ranar Lahadi mun gaisa a bakin coci yace ɗana ya aiki, nace lafiya lau Baba.

Sai bayan kwana uku da yamma wata 'yar yarinya ta tsaya a ƙofar shagon da jakar makaranta, ba ta yi sallama ba ba ta ce komai ba, ta zura hannu a aljihu ta ciro naira 50 ta nuna min ta mayar, ta bubbuga wajen da tafin hannu, ta ruga.

Jiya ma yayan nata ya kawo wata ledar, wannan karon har da wandon Baban kansa.